Yadda Babbar Mota Ta Ƙwace Dakon Gungume Daga Hannun Jirgin Ƙasa

Sare bishiya ba shi ne wahalar sana'ar katako ba. Mutum biyu da dogon zarto suna iya kayar da bishiyar da ta shekara ɗari biyar a tsaye kafin rana ta faɗi. Wahala tana somawa ne bayan ta kwanta. Ga gungume ɗanye jiƙe da ruwa a gindin kwari, injin da zai tsaga shi kuma yana can bakin teku, tafiyar kilomita talatin ko hamsin, tsakaninsu ba komai sai dutse da taɓo. Mafi yawan kuɗin mai katako a nan yake zurarewa. Wanda ya iya fito da gungume da araha shi ne mai daji, ko da sunan wani ne a takarda.

Inda wannan magana ta fi fitowa fili shi ne arewa maso yammacin Amurka, wato jihar Oregon da jihar Washinton (jihar da ke bakin tekun Fasifik, ba babban birnin ƙasar ba), da lardin British Columbia na Kanada da ke maƙwabtaka da su. Can ne bishiyar da suke kira Douglas fir take tashi ta haura mita saba'in, gindinta kuma sai mutum huɗu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Ruwan sama yana sauka daga kaka har bazara kusan ba hutu. A wannan daji aka fara gwada ɗora gungume a babbar mota, kuma a shekarun farko duk mai hankalin da ya ga abin zai ce wasa ake yi.

Kafin a gane dalili, sai an san abin da motar ta tarar. A jihohin gabas da na tsakiya, irin su Maine da Michigan da Wisconsin, sanyi ne ke yi wa masu katako aiki. Lokacin hunturu ƙasa kan daskare, sai a bi hanya da dare ana yayyafa ruwa har ta zama ƙanƙara sumul, dawakai biyu ko huɗu su ja kayan da ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, a jibge a bakin kogi. Idan ƙanƙara ta narke kogi ya cika, sai a tura gumagumai ruwa ya kai su gari. A gaɓar yamma wannan dabara ba ta ci. Ƙasa ba ta daskarewa yadda ya kamata, gumaguman kuma sun fi na gabas girma ninki-ba-ninki. Sai suka koma ga shanu. Ana shimfiɗa itatuwa a gicce a kan hanya kamar matakalar tsani, a shafa musu kitse ko man kifi, bijimai goma ko sha biyu su ja gungume yana sulɓi a kai. Akwai yaro da aikinsa kawai shi ne ya riƙa tafiya gaban shanu da bokitin mai yana shafawa. Irin wannan hanya ce ta gangaro zuwa injin katakon da Henry Yesler ya kafa a Seattle a 1853.

Shanu ba sa wuce kilomita biyu ko uku da irin wannan kaya. A 1881 wani mai katako a Eureka ta Kalifoniya, John Dolbeer, ya ƙera injin tururi mai naɗe igiya yana janyo gungume, suka sa masa suna jaki. A wannan shekarar Ephraim Shay na Michigan ya karɓi takardar mallakar ƙirar wani kan jirgin ƙasa mai giya, wanda ba ya gudu amma yana hawa tudu yana shan kwana a kan layin dogon da aka shimfiɗa da gaggawa. Jakin tururi da jirgin Shay su suka mulki dajin yamma kusan shekara hamsin. Jaki ya janyo gungume zuwa bakin layi, jirgi ya kwasa.

To, layin dogo yana da halinsa, kuma halin nan shi ne jigon labarin. Sai an sassaƙe tudu, a cike rami, a gina gadojin katako masu tsayin gaske a kan kwaruruka, a sayo ƙarfen dogo da kan jirgi da taragu, duk kafin a sayar da gungume ɗaya. Ba wanda zai zuba wannan jari sai yana da dajin da zai shekara ashirin yana ci. Shi ya sa sana'ar ta tattaru a hannun manya. A 1900 Frederick Weyerhaeuser da abokan jarinsa suka sayi eka 900,000 na daji a Washinton daga kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific, kowace eka dala 6. Irin waɗannan ne ke iya shimfiɗa dogo. Idan kuma suka shimfiɗa, ba sa barin komai a tsaye iyakar inda igiyar jaki ta kai, domin bashin layin yana jira. Su share wurin ƙal, su tumɓuke ƙarfen, su yi gaba.

Amma suna barin guntattaki. Kan tudun da jirgi ba zai hau ba, lungun da bai kai a yi masa reshe ba, ɗan dajin manomi mai eka arba'in ko tamanin da ke bayan gonarsa. Katako ne mai kyau, sai dai ba hanyar fito da shi da riba. Ta wannan ƙofa mota ta shigo. Ba ta zo kokawa da jirgi ba, kala ta zo yi a gonar da aka riga aka girbe.

Abin da aka fi ambata a matsayin gwajin farko a yankin ya faru ne a 1913, kusa da Covington a jihar Washinton. Zuwa 1921 abin ya yaɗu har Jami'ar Washinton ta buga ɗan littafi musamman kan yadda ake dakon gungume da mota. Amma kada mai karatu ya kawo gingimarin yau a ransa. Motar wancan zamani injin fetur ne da ita mai silinda huɗu, ƙarfinsa bai kai na ƙaramar motar tasi ta yanzu ba. Da hannu ake tayar da ita, a murza ƙarfe a gaba, in ya ƙwace ya karya wa mutum hannu. Da yawansu sarƙa ce ke juya tayar baya, kamar ta keke amma mai kaurin damtse. Tayoyin roba ce zalla ba iska a ciki, don haka duk dutsen da aka taka sai direba ya ji shi a ƙashin bayansa. Gudunta da kaya bai fi na mai keke ba. Shahararriya a cikinsu ita ce Mack samfurin AC da ta fito a 1916, wadda sojojin Ingila suka yi wa laƙabi da Bulldog a yaƙin duniya na farko saboda taurin kanta da tsukakken hancinta.

Dabarar da ta sa wannan rarraunar mota ta iya ɗaukar gungumen mita goma ko fiye ita ce tirela, kuma tirelar katako daban take da wadda muka saba gani. Ba ta da bodi. A bayan kan motar akwai wani ƙaton gicci mai juyawa a kan ƙusa ɗaya, sai can baya wasu tayoyi su kaɗai da nasu giccin, doguwar sanda ta haɗa su da motar. Kan gungume ya hau giccin gaba, gindinsa ya hau na baya, a ɗaure da sarƙa. Gungumen da kansa ya zama jikin motar. Idan kaya dogo ne a ja sandar a ƙara tsawo, idan gajere ne a rage. Daga baya ma suka koyi ɗora tayoyin bayan a kan motar idan za a koma daji ba kaya, don ta samu nauyin kama ƙasa a hawa, ta kuma iya juyawa a matsattsen wuri. Har yau haka ake yi.

Ita kanta tirela, mai katako ne ya yi sanadin bunƙasarta. A 1914 a Detroit wani dillalin katako, Frederic Sibley, ya je wurin wani maƙeri mai haɗa amalanke, August Fruehauf, yana neman abin da zai jawo masa kwalekwale a bayan motarsa Ford. Da ya ga abin ya yi, sai ya ce a ƙera masa wasu don dakon katako. Zuwa 1918 maƙerin ya kafa kamfanin tirela. Hujjarsu kuwa kowane mai amalanke ya san ta: abin da dabba za ta ja ya ninka abin da za ta ɗauka a gadon baya.

Matsala ta gaske ba a motar take ba, a ƙarƙashinta take. Siririyar tayar roba mai tauri, da tan goma a kanta, a ƙasar da ruwa ke jiƙawa wata bakwai ko takwas a shekara, yanka ƙasa take yi kamar wuƙa har ta nutse zuwa aksul. Sai masu katako suka yi abin da ya fi musu sauƙi, suka gina hanya da katako. Wani lokaci alluna ake jerawa a gicce. Wanda ya fi ƙarko shi ne a kwantar da dogayen itatuwa a tsawon hanya bi da bi, layi biyu, a sassaƙe samansu ya yi faɗin taya, a kafa wani itace a gefe don kada tayar ta zame. Tsakiyar fili ne, wani wurin ma rami ne mai zurfi, domin irin hanyar takan ratsa kwari a kan ginshiƙai. A ƙarshen hanya, inda babu filin juyawa, sai a gina wani dandamali mai juyawa, mota ta hau a tura shi da hannu ta fuskanci gida. Inda gangara ta yi tsanani, a ɗaura wa motar igiyar jakin tururi a baya a riƙa sassauta ta a hankali kamar ana zura guga a rijiya.

A duba da kyau: layi biyu, abin tsare taya, dandamalin juyawa. Layin dogo suka sake ginawa, na itace. A ganina wannan shi ne abin da masu ba da labarin ke yawan tsallakewa. A shekaru goma sha biyar na farko mota ba ta 'yanta kowa daga shimfiɗa hanya mai tsada ba, rage tsadar kawai ta yi, ta kuma yarda da hawa da kwanar da jirgi zai ƙi. A kan hanyoyin gwamnati kuwa rigima ce ta tashi, domin tayoyin nan suna farfasa titin tsakuwar da talakawa suka biya haraji aka yi. Ƙananan hukumomi suka shiga sa dokar nauyi, wasu su hana manyan motoci bi sam idan damina ta kankama.

Yaƙi ya tura abin gaba. Jiragen saman yaƙin duniya na farko da itace da ƙyalle ake yin su, kuma itacen da ya fi dacewa da fiffike shi ne wanda ake kira Sitka spruce, mara nauyi, mai ƙarfi, miƙaƙƙe. A gaɓar Oregon da Washinton yake fitowa. A 1917, shekarar da Amurka ta shiga yaƙin, ma'aikatan daji suna yajin aiki suna neman a mayar da aiki awa takwas. Sai rundunar soja ta kafa sashe na musamman ƙarƙashin Kanar Brice Disque, ta tura sojoji kusan dubu talatin daji da gatari da zarto. Wannan bishiya ba ta yin daji ita kaɗai, a warwatse take cikin sauran, kuma ba kowace ce ta isa yin fiffike ba. Ana zaɓen ta ɗaya-ɗaya ne. Aiki irin wannan bai dace da jirgi ba. Da farko sukan tsaga gungumen a inda ya faɗi, su ɗora ɓarin a mota ta bi hanyar alluna ta fito. Sun shimfiɗa layukan dogo ma, amma mafi shahara a ciki, wanda ya bi gefen tafkin Crescent, yaƙi ya ƙare ranar 11 ga Nuwamba 1918 bai ɗauko gungume ɗaya domin yaƙin ba. Abin da yaƙin ya bari a baya shi ne dubban motocin soja da aka yi gwanjonsu ko aka raba wa jihohi, irin su Liberty da FWD da Nash Quad, da dubban samari da suka dawo gida sun iya tuƙi da gyara.

Duk da haka sai da mota ta jira abubuwa uku kafin ta zama abin tsoro ga jirgi: taya, birki, da mai yi mata hanya.

Maganar taya gajeriya ce. Tun 1917 kamfanin Goodyear ya fara tura manyan motoci masu tayar iska daga Akron zuwa Boston don ya nuna wa duniya abin zai yiwu, tafiyar farko ta ci makonni da tayoyi masu yawa. Sai wajen ƙarshen shekarun 1920 tayar iska ta yi ƙwarin da mai katako zai amince da ita. Da aka jera su bibbiyu a aksul biyu na baya, nauyi ya bazu, mota ta daina yanka ƙasa, ta iya bin hanyar tsakuwa da gudu ninki biyu ko uku.

Birki kuwa maganar rai da mutuwa ce, kuma a nan motar katako ta bambanta da kowace mota. Ita da wofi take hawa dutse, da kaya take saukowa. Injin yana jin daɗin haka, birki ne ke shan wuya. Motocin farko birkin ƙarfe ne da su na taka-da-ƙarfinka, a tayoyin baya kawai, tirelar kuma sau da yawa ba ta da komai. A doguwar gangara ƙarfen da birkin ke kamawa yakan yi zafi har ya daina kamu, direba yana takawa mota tana ƙara wuta, ga tan ashirin na gungume a bayan ƙeyarsa. Shi ya sa a tsofaffin hotuna za a ga motocin ba ƙofa, wasu ba rufi ma. Ba talauci ne kaɗai ya jawo haka ba. Direba yakan sauko gangara ƙafa ɗaya a waje, hannu a sitiyari, ido a hanya, yana shirin tsalle. Wanda ya yi jinkiri, in motar ta daki wani abu, gumaguman kan taho gaba su murƙushe wurin zamansa. Saboda haka aka fara kafa katangar ƙarfe a bayan direba.

Maganin da suka samo na farko mai sauƙi ne har ya ba da dariya: tankin ruwa a bayan kan mota, da bututu zuwa kowace taya. Idan za a fara gangara direba ya buɗe famfo, ruwa ya riƙa zuba a kan birki. Motar katako mai saukowa daga dutse takan zo ne cikin farin tururi kamar tukunyar dambu, tana barin jiƙaƙƙen layi a baya. Lokacin sanyi wannan layin ya daskare ya zama tarko ga na bayanta. Birkin iska, wanda George Westinghouse ya ƙirƙira wa jirgin ƙasa tun 1869, ya shigo manyan motoci a shekarun 1920, kuma shi ne ya ba direba iko da tayoyin tirela daga inda yake zaune.

Sai dizal ya zo da alheri da sharri a haɗe. Ya fi fetur ja, ya fi shi araha, kuma a 1933 kamfanin ƙera manyan motoci na Kenworth ya fara fito da motoci da injin dizal na Cummins tun daga masana'anta. Amma injin fetur, idan ka ɗaga ƙafa ka sa ƙaramar giya, yakan riƙe mota. Dizal ba ya riƙewa haka, sakin ta yake yi. Clessie Cummins, mai ƙera injin, da kansa ya ɗanɗana wannan a 1931, yana gangarowa mashigin dutsen Cajon a Kalifoniya da motar gwaji, birki ya ƙi, ya tsallake layin dogo da ƙyar bayan wucewar wani jirgin kaya. Abin bai bar ransa ba. Bayan ya yi ritaya ya ƙera na'urar da ke buɗe bawul ɗin hayaƙi daidai lokacin da fistin ya gama matse iska, sai ƙarfin ya fice ta salansa maimakon ya koma taya, injin ya zama birki. Kamfanin Jacobs ya fara sayar da ita a 1961. Wannan ƙara mai kama da harbin bindiga da wasu tireloli ke yi a gangara, ita ce.

Na uku, wato mai yi wa mota hanya, shi ne ya yanke hukunci. A 1901 Alvin Lombard na Waterville a jihar Maine ya yi rajistar wata na'urar tururi mai tafiya a kan sarƙa maimakon taya, don jan gumagumai a kan dusar ƙanƙara. A 1904 Benjamin Holt ya gwada tasa a Stockton ta Kalifoniya, don gonakin da ƙasarsu ke da laushi. A 1925 kamfanin Holt da na Best, wani mai ƙera irin wannan na'ura, suka haɗe suka zama Caterpillar, sunan da bakin Bahaushe ya lanƙwasa ya zama katafila. Da aka ɗaura mata faffaɗan ƙarfe a gaba a shekarun 1920, aka kuma sa mata injin dizal a 1931, sai lissafin daji ya juye. Hanyar da a da sai mutum hamsin da diga da shebur da dawakai, ko kafintoci su jera itace wata da watanni, yanzu mutum ɗaya ne a kan katafila yake yanka ta a gefen dutse cikin kwanaki. A zuba tsakuwa, shi ke nan. Katafilar da ta yi hanyar ita ce kuma za ta janyo gungumen zuwa bakinta, jakin tururi ya rasa aiki. Idan za a raba yabo da gaskiya, katafila ce ta kayar da jirgin ƙasa, mota ta zo ta ɗauki ganima.

Wa ya ci riba? Da farko ƙananan mutane. Bayan karyewar tattalin arziki ta 1929 manyan kamfanoni sun rufe sansanoni, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Mutum uku ko huɗu, sau da yawa 'yan gida ɗaya, sai su haɗa kuɗi su sayi tsohuwar mota da tsohuwar katafila bashi, su karɓi kwangilar guntun daji. Ana kiran su gyppo. Asalin kalmar zagi ce, 'yan ƙungiyar ƙwadago ne ke jifan wanda ya yarda a biya shi da yawan abin da ya sare maimakon lada na yini, suna ganinsa a matsayin mai karya yajin aiki. Daga baya masu sunan suka rungume shi suna alfahari. Gobarar Tillamook ta watan Agusta 1933, wadda ta cinye daji mai faɗin gaske a Oregon, ta bar matattun bishiyoyi a tsaye da sai an kwashe su kafin su ruɓe, kuma shekaru aka yi ana wannan kwasa, katafila da mota suna cikin masu yin ta.

Rayuwar ma'aikaci ma ta sauya. A zamanin jirgi, mai saran itace a sansani yake kwana can cikin daji, gwauraye ɗari a dogon ɗaki, sai bayan watanni a sauko gari a ƙone albashi cikin mako guda. Da hanyar mota ta shiga daji, sai ya zama ana kwasar ma'aikata da asuba a mayar da su gida da yamma. Mutum ya iya yin aure ya zauna a gari. Sansanonin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na Grisdale a Washinton, wanda ya fi sauran jimawa, an rufe shi a 1985. Sai dai ba zan ce sauyin alheri ne zalla ba. Direban da motar tasa ce, bashi kuma nasa ne, da yawan sahu ake biyansa. Kowane lodi sai ya so ya ƙara gungume ɗaya, kowace gangara sai ya so ya rage minti biyar. Kamfani ya sauke wa kansa nauyin gyara da na haɗari ya ɗora wa mai ƙaramin ƙarfi, shi kuma yana murna ya zama mai gidan kansa.

Manyan sunayen da ake gani a goshin tireloli a Amurka yau, daga wannan daji wasu suka fito. Kenworth, da Harry Kent da Edgar Worthington suka kafa a Seattle a 1923, ya gaji wani ƙaramin kamfani ne mai ƙera mota mai suna Gersix, kuma masu katako na cikin manyan abokan cinikinsa. Peterbilt kuwa mai katako ne ya kafa shi ɗungurungum. T. A. Peterman na Tacoma ya gaji da jiran kogi da jirgi su kawo masa gungume, ya shiga sayen tsofaffin motocin soja yana gyarawa, daga ƙarshe ya sayi masana'antar Fageol da ta durƙushe a Oakland, motocin farko masu sunansa suka fito a 1939. A Vancouver ta Kanada kamfanin Hayes ya yi suna da ƙera wasu dodannin motoci da faɗinsu ya fi ƙarfin titin gwamnati, a hanyoyin kamfani kawai suke tafiya.

Akwai wani fata da aka yi wa mota wanda bai cika ba. Tunda ba ta da bashin layin dogo a wuya, masana daji suka ce yanzu ba dole a share komai ba, a zaɓi bishiyar da ta nuna a bar sauran. Biyu daga cikinsu, Burt Kirkland da Axel Brandstrom, sun kare wannan ra'ayi da ƙarfi a 1936, aka kuma gwada. Sai ga shi a aikace masu saye mafi kyawun bishiyoyi suke tsincewa su bar marasa lafiya, katafila tana ƙuje waɗanda aka bari, iska tana kayar da su tunda an cire musu maƙwabta. Ga shi kuma 'ya'yan Douglas fir ba sa tashi a inuwa. Aka koma sharewa, amma yanki-yanki, kowane yanki da hanyarsa.

Bayan yaƙin duniya na biyu sojoji suka dawo suna neman gidaje, dazuzzukan kamfanoni na ƙasa-ƙasa sun ƙare, zarto mai inji na mutum ɗaya ya shigo. Abin da ya rage shi ne dazuzzukan gwamnatin tarayya da ke kan duwatsu, waɗanda tsayinsu ne kawai ya tsare su daga jirgi. Mota ba ta san wannan katanga ba. Hanyoyin da aka yanka a cikin dazuzzukan tarayya sun kai kusan mil 380,000, wato sama da kilomita 600,000, mafi yawansu domin katako. Hanya a gefen dutse mai yawan ruwan sama rauni ne da ba ya warkewa da wuri: kwalbati ya toshe, gefen ya zabtare, laka ta gangara rafi ta binne tsakuwar da kifin salmon ke zuba ƙwai a ciki. Don adalci, tura gungume a kogi ma ɓarna ce babba, yana kankare gaɓa, ɓawonsa yana ruɓewa a ƙasan ruwa, kuma mota ce ta sa aka iya dainawa. An yi turin ƙarshe a kogin Clearwater na Idaho a 1971, a kogin Kennebec na Maine a 1976.

Wanda ya ga abin da ya faru da bishiyar madobiya a Taraba a shekarun 2010, lokacin da 'yan kasuwa suka sa mata suna Madrid ana lodinta zuwa Legas a wuce da ita Sin, zai gane wannan lissafi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Babu wanda ya shimfiɗa dogo ko ya kafa babban kamfani a daji. Zarto mai inji ne, da tsohuwar mota mai jure burji, da mai saye a bakin titi. Kafin dokar cinikin ƙasa da ƙasa ta 2017 ta sa wa itacen takunkumi, an riga an shiga lungunan da a da nisa ne kaɗai mai gadinsu.

Jiragen katako ba su mutu dare ɗaya ba. Inda dogo yake a shimfiɗe kuma tafiyar mai tsawo ce, an daɗe ana haɗa su: mota ta sauko da gungume daga dutse, ta sauke a tasha, jirgi ya ƙarasa. Layin kamfanin Simpson da ke Shelton a Washinton, na ƙarshe irinsa a Amurka, ya tsaya a 2015. Na Englewood a tsibirin Vancouver ya ƙara shekara biyu. A watan Afrilu 2017 wasu taragu maƙare da gumagumai suka ƙwace a garin Woss suka kashe ma'aikata uku, kafin shekarar ta ƙare aka sanar da rufe layin, aka mayar da dakon kan motoci.